Tsire a Bakin Titi, Hatsi a Ƙurya

Mai sharhin siyasa ɗan kasuwa ne, ko ya yarda ko bai yarda ba. A jarida yake rubutu, a rediyo yake magana, ko a talabijin ake ganin fuskarsa, duk ɗaya: rumfa gare shi, kuma rumfar ba ta da faɗi. Ita kuwa duniya, kullum garin Allah ya waye sai ta sauke kaya kamar tirelolin Dawanau. Can an rantsar da wani, nan an tsige wani, ga yaƙi, ga annoba, ga tafki ya ƙafe, ga minista ya yi suɓul da baka. Ina zai kasa duk wannan? Dole ya tsinci uku ko huɗu ya jera a kan tebur, ya tura wasu ƙarƙashin benci, sauran ya bar su a mota ko kallo ba su ishe shi ba. Kuma in ka leƙa ƙarƙashin bencin, kusan kullum kaya iri ɗaya za ka tarar: labarin ruwan da ake sha, da iskar da ake shaƙa, da ƙasar da ake nomawa, wato abin da ake kira muhalli.

Kada wani ya ɗauka jeren kaya ƙaramin abu ne. A lokacin zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1968, wasu malaman jami'a biyu, Maxwell McCombs da Donald Shaw, sun zauna da mutum ɗari a garin Chapel Hill, waɗanda ba su riga sun tsayar da gwani ba, suka tambaye su manyan matsalolin da suke ganin sun addabi ƙasar. Sannan suka koma kan jaridu da mujallu da labaran talabijin da mutanen garin ke bi, suka ƙirga abin da aka fi yawan kawowa. Jerin biyu suka zo kusan sak. Abin da aka ɗora a saman tebur, shi mutane suka ɗauka shi ne babbar matsala. Duk matar da ta taɓa aiken yaro cefane ta san wannan. Ya dawo ya ce yau babu kuɓewa a kasuwa. Alhali akwai kuɓewa, tana can layin baya, shi ne dai ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli abin da aka tara masa a gaba.

To da wane ido ɗan rumfar nan yake tsintar kaya? Gaskiyar magana, da hanci yake tsinta. Rigimar siyasa tsire ce. Mai tsire ba ya buƙatar yaron talla, hayaƙin tukubarsa ya ishe shi. Ko ba ka jin yunwa, kana giftawa sai yawunka ya tsinke. Wane ya zagi wane, wane ya sauya sheƙa, an ƙwace wa wane shugabancin jam'iyya: akwai suna, akwai fuska, akwai wanda ya ci da wanda aka ci, a barbaɗa yaji a miƙa maka da zafinsa, gobe da yamma kuma a tsire sabo. Labarin muhalli kuwa hatsi ne a buhu. Shi ne ainihin abincin gidan, in babu shi kowa zai kwana da yunwa, amma ba ya ƙamshi, ba ya kiran kowa. Kuma kafin ya shiga baki sai an surfa, an sheƙe, an kai niƙa, an tankaɗe, an tuƙa. Ka ce wa mutum zafin duniya ya ƙaru da abin da ya ɗan haura digiri ɗaya cikin shekara ɗari da 'yan kai, sai ya dube ka ya ce to sai me, shi da tsakanin safiyarsa da azahar ɗinsa ake samun digiri goma? Kafin ka gama yi masa bayanin yadda wannan ɗan digirin ke rikita damina da narkar da ƙanƙara da cika teku, mai tsire ya sallami mutum ashirin.

Shi ya sa hatsin nan ba ya samun masu taya sai ranar da buhun ya kama da wuta. Ba da wasa nake ba. A birnin Cleveland na jihar Ohio akwai kogin Cuyahoga, wanda masana'antu suka daɗe suna juye wa mai da dagwalo, har ya kai ruwan da kansa yana cin wuta. Ya ci wuta sau da dama tun ƙarni na sha tara, ba a damu ba. A watan Yunin 1969 ya sake kamawa, gobarar ma ba ta kai ta baya ba, an kashe ta kafin masu hoto su iso. Da mujallar Time ta zo ba da labarin, sai ta buga hoton wata gobarar da aka yi a kogin tun 1952, mai harshen wuta da baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Wato ko da kogi ya ci wuta, sai da aka nemo tsohon hayaƙi aka turara labarin kafin ya sayu. Ya kuwa sayu. A watan Afrilun 1970 mutane wajen miliyan ashirin suka fito a faɗin Amurka domin ranar kare duniya ta farko, kafin ƙarshen shekarar kuma shugaba Richard Nixon ya kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa.

Ana cikin wannan ɗokin, a 1972, wani masanin tattalin arziki mai suna Anthony Downs ya yi rubutu ya ce a bi a hankali, wannan ma kasuwa ce, za ta ci kuma za ta watse. A lissafinsa, matsala takan daɗe tana cin mutane ba wanda ya sani sai 'yan ƙalilan. Sai wani abin firgici ya faru, kowa ya zabura, a yi ta kururuwa lallai a gyara. Can sai a tambayi kuɗin gyaran, a ji tsadarsa, kuma a gane cewa kowa sai ya taɓa aljihunsa ko ya rage jin daɗinsa. Nan sai jiki ya yi sanyi, a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwar ƙauye ke nan ba ragi ba ƙari: da hantsi ba masaka tsinke, da la'asar an fara ɗaure kaya, da magariba sai awaki ke kalen ɓawon rake. Matsalar kuwa tana nan inda aka same ta.

Shekarar 2010 ta nuna mana wannan hancin a fili. A watan Afrilu wata rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a tekun da ke kudancin ƙasar Amurka, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi ta tsiyaya kwana 87. An saka kyamara a ƙarƙashin ruwa, dare da rana duniya na kallon baƙin mai yana tuttuɗowa, ga hotunan tsuntsaye sun jiƙe sharkaf sun kasa tashi. Ga kamfanin da za a tsine wa, ga shugaba Obama da 'yan adawa za su ce ya yi sanyin jiki. Tsire ya haɗu da yaji. A cikin wannan shekarar, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura cewa yara na suma suna mutuwa ba dalili. An ba da labarin, ba za a ce ba a bayar ba, amma ina aka haɗa su? Dalma ba ta da hayaƙi, ba ta da launin da kyamara za ta kama. Ƙura ce kamar kowace ƙura a tsakar gida. Garin Bagega sai a 2013 aka fara kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta naci har gwamnati ta saki kuɗin.

Kuma kada a ce ai don Zamfara na da nisa ne. A cikin Amurkar ma akwai layin baya. Garin Flint na jihar Michigan, mai mutane wajen dubu ɗari a lokacin, akasarinsu baƙar fata da masu ƙaramin ƙarfi, an mayar da famfonsa kan ruwan kogi a watan Afrilun 2014 domin tsimin kuɗi. Ruwan ya riƙa cin tsofaffin bututu yana kwaso dalma. Mutane suka yi ta ɗaga kwalabe masu ruwa kalar shayi a gaban hukuma. Kafin shekarar ta ƙare, masana'antar injin mota ta General Motors da ke garin ta daina amfani da ruwan, domin yana sa wa ƙarafanta tsatsa. Ruwan da ƙarfe ya ce albarka, yara suka ci gaba da sha. 'Yan jaridar yankin sun yi ta rubutu, amma manyan rumfuna ba su waiwayo sosai ba sai bayan da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jini a watan Satumban 2015. Da shekarar zaɓe ta kama, aka ga akwai gwamnan wata jam'iyya da za a iya dukansa da labarin, sai ga kowa a Flint. Har muhawarar Hillary Clinton da Bernie Sanders a can aka yi ta a watan Maris na 2016.

Akwai kuma wata ɗabi'a da duk ɗan kasuwa ke da ita ko da ba ya faɗa: satar kallon rumfar maƙwabci. In na kusa da kai ya kasa mangwaro kuma an yi masa dafifi, gobe kai ma mangwaro za ka saro. Mai sharhi ba ya fara aikinsa da leƙen kogi ko gona, yana farawa ne da karanta abin da sauran masu sharhi suka faɗa jiya. Shi ya sa za ka zaga rumfa goma ka tarar da kaya iri ɗaya, yajin ne kawai ya bambanta. In kuwa dukkansu suka yi shiru a kan abu, shirun ma yaɗuwa yake. A 2012 Barack Obama da Mitt Romney sun yi muhawara uku a gaban miliyoyin masu kallo, ba a ambaci sauyin yanayi ko sau ɗaya ba, daga masu tambaya har masu amsa. Mako guda bayan ta ƙarshen, guguwar Sandy ta auka wa New York, ruwa ya cika hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, sai ga magajin garin, Michael Bloomberg, yana cewa saboda batun sauyin yanayi ne zai mara wa Obama baya. Nan da nan kowace rumfa ta kasa yanayi. Aka gama zaɓe, aka mayar da buhun ƙarƙashin benci.

Amma abin da ya fi yi wa hatsin nan illa shi ne da kasuwar ta rabu layi biyu, kowane layi da kwastomominsa na dindindin. Mai kwastoma na dindindin ba ya son ba su mamaki. Ya san irin abin da suke so, in ya kawo musu wani iri daban za su ce ya fara cin amana, su koma gaba. A da can ba haka batun muhalli yake ba. Nixon ɗin da ya kafa hukuma ɗan jam'iyyar Republican ne. A zamanin Ronald Reagan, shi ma ɗan jam'iyyar, Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta taka wa sinadaran firji da na feshi masu huda rigar sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa birki. Margaret Thatcher ta Ingila, wadda ba wanda zai kira ta 'yar gurguzu, kuma ilimin sinadarai ta karanta a jami'a, ta tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989 ta ja kunne a kan ɗumamar duniya. A lokacin gishiri ne, kowane layi na sayarwa.

Sannu a hankali sai kayan ya zama na layi ɗaya. Kamfanonin mai da na kwal sun kashe kuɗi wajen shuka shakka, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Sannan ga Al Gore, tsohon mataimakin shugaban ƙasa daga jam'iyyar Democrat, ya fito da fim a kan ɗumamar duniya a 2006, aka ba shi kyautar Nobel a 2007. Daga nan, ga rabin kasuwar, sauyin yanayi ya zama hajar Gore, kuma kowa ya san ba a yabon kayan kishiya. A watan Nuwamban 2009, makonni kaɗan kafin babban taron yanayi na Copenhagen, aka saci wasiƙun masana daga kwamfutar jami'ar East Anglia a Ingila, aka tsinto 'yan jimloli daga cikin tarin, aka ce ga shi an kama su suna algus. Kwamitoci da dama sun bincika a Ingila da Amurka. Sun ga laifin masanan wajen ƙin sakin bayanai ga masu nema, amma ba su sami ƙagen alƙaluma ba. Zargin ya sayu kamar tsiren daren salla. Wankewar ta yi kwantai.

A watan Fabrairun 2015 kuma Sanata James Inhofe na jihar Oklahoma, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin muhalli, ya shigo zauren majalisar dattawa da curin ƙanƙara a leda, ya ɗaga ya nuna, wai ga shi ana ta maganar zafi alhali waje sanyi ake. Wannan daidai yake da mutumin da ya dace da mudu mai araha ranar Laraba, ya dawo gida yana rantsuwa cewa bana babu tsadar abinci. Amma ka san me? Curin nan ya zaga duniya fiye da kowane rahoton masana na shekarar. Layinsa ya yi tafi, layi na biyu ya yi dariya, duka biyu sun yi ciniki. Domin su ma 'yan layi na biyun, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, sau da yawa ba hatsin suke sayarwa ba, buhun suke ɗauka su maka wa abokin hamayya. Dubi yarjejeniyar Paris ta 2015: Obama ya shiga, Trump ya sanar da fita a 2017, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake sa hannun fita a 2025. Duk shiga da fita sai an yi mako ana sharhin wa ya kayar da wa. Tambayi masu sauraron nan me ƙasashe suka yi alƙawarin yi a cikin yarjejeniyar, ka ga yadda ake sosa ƙeya.

Akwai ma 'yan rumfar da suka ce su ba sa layin kowa, su masu adalci ne, kowa za su ba shi mudunsa. Wasu 'yan'uwa biyu, Maxwell da Jules Boykoff, sun duba yadda manyan jaridun Amurka huɗu suka ba da labarin ɗumamar duniya daga 1988 zuwa 2002, suka tarar kusan rabin labaran sun raba fili daidai wa daida tsakanin masu cewa hannun ɗan Adam ne da masu musu, alhali a wajen masana rinjayen ba na kusa ba ne. Mai awo ne ya cika mudu da gero, ya cika wani da ƙaiƙayi, ya jera su ya ce kowa ya zaɓa, shi dai bai tauye kowa ba. Mudun daidai ne, ba shakka. Mai saye ne ya koma gida da rabin cefanensa iska.

Sai dai a yi wa ɗan kasuwar nan adalci, shi ma da haya a kansa. Rigimar siyasa har rumfa ake kawo masa ita, kuma bashi: kowane ɗan siyasa na da yaran da aikinsu ke nan, su rubuta sanarwa, su kira taro, su tura murya. Dillalai ne masu bin ka da kaya ba ko la'ada. Labarin gurɓataccen kogi ba shi da dillali. Sai ka sa mai a mota ka je, ka ɗebo ruwa, ka biya ɗakin gwaji, ka nemo masanin da zai fassara maka, sannan ka shirya wa lauyan masana'anta. In ciniki ya ja baya, wane kaya za a fara daina sarowa? Gidan talabijin na CNN ya rushe sashensa na kimiyya da muhalli a ƙarshen 2008. Jaridar New York Times ta wargaza teburinta na muhalli a farkon 2013, sai daga baya ta sake kafa na yanayi. Ban taɓa jin an rufe teburin siyasa don tsimi ba.

Tamu kasuwar ma ba sai an yi dogon bayani ba. Kunna rediyo bayan sallar isha a Kano ka ji sojojin baka sun ja daga, kowa na kare ubangidansa da habaici da karin magana. Akwai daɗin ji, ni ma ba na musu. A daminar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma daidai lokacin aka buga gangar yaƙin neman zaɓen 2023. Labarin ya hau tebur, amma ta wace fuska? Wane ɗan takara ya je jaje, wane bai je ba, wa ya fi ba da gudummawa. Madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a watan Satumban 2024, shekara talatin bayan irin wannan ta 1994. Tsakanin ambaliyar biyu, dare nawa aka ware wa madatsar a shirin siyasa? Ruwan majemar Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa, wanda ke gangarawa rafuka ana ban-ruwan lambu da shi, wannan ya daɗe a ƙarƙashin benci har ya saba.

Abin mamakin shi ne hatsin nan siyasa ce tsagwaronta. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli da ake ware wa kaso daga asusun tarayya, kuma jihohi da ƙananan hukumomi na samun rabonsu. Ga kuɗi, ga sa hannu, ga sunayen masu karɓa. Duk abin da tsire ke buƙata yana ciki, mai hura wutar ne babu. Ɗan kasuwa kuwa, in mutum uku suka tambaye shi kaya a rana ɗaya ya ce babu, ba ya barci sai ya saro. Saboda haka mai karatu, ranar da aka buɗe layin waya a shirin siyasar da kake saurare, kafin ka gaida gwaninka, tambayi baƙon da ke ɗakin: nawa jiharmu ta karɓa daga asusun muhalli a bana, kuma wace magudanar ruwa aka yashe da kuɗin kafin damina?